Yadda batirin inbata zai daɗe muku

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, gidaje da yawa kuma suka koma ga inbata da batir. Duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa a Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan wuta ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ya ƙara tura mutane kasuwa. Mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram sun riga sun ɗanɗana irinsa a 2023, lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan baturan da nake gani sun mutu cikin shekara guda, alhali an biya kuɗin shekara huɗu ko biyar, ga shi batir ya fi komai tsada a cikin haɗin.

Ƙarafan sabis da ke unguwanninmu suna aiki dare da rana a kan batura masu bolt 48, bankuna da manyan tashoshin wuta su ma suna da ɗakunan batura. Tsarinsu da na gidanku ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. Abin da ke sa nasu ya daɗe shi ne caja mai kyau, da sanyi, da hana batir ƙarewa ƙarƙaf, kuma yawancin wannan kuna iya yinsa a gida da kuɗi kaɗan.

1. Ku san aikin caja, batir da inbata.
Batir wutar DC yake ajiyewa, mai tafiya hanya ɗaya, kayan gida kuwa wutar AC suke ci, mai bolt 230, wadda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Caja ce ke juya wutar NEPA zuwa DC ta zuba wa batir, inbata kuma ta mayar da ita AC idan an ɗauke, kuma a yawancin gidaje duka biyun suna cikin akwati guda. In batir ya daina daɗewa, ku sa a fara gwada ɓangaren cajar, domin lalatacciyar caja za ta kashe sabon batir kamar yadda ta kashe tsohon.

2. Ku ba kwamfutar tebur ƙaramar UPS tata.
In an ɗauke wuta, wani ɗan makunni a cikin inbata yana sauya layi cikin kashi 10 zuwa 20 bisa dubu na daƙiƙa. Fitila da fanka ba sa ji, amma kwamfuta tana iya mutuwa da aikinku a ciki. Bankuna sun kauce wa haka da irin UPS ɗin da kullum kaya ke cin wuta ta cikin inbatarta, don haka babu sauyin ma gaba ɗaya. Ƙaramar ta gida ɗan batir mai 7Ah take ɗauke da shi, mintuna kaɗan ne, na ajiye aiki a kashe.

3. Ku ɗauki biro kafin ku tafi kasuwa.
Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jikinsa, ku bi ɗaki ɗaki ku tara. Ƙwan fitila shida masu wat 9, fankar sama biyu masu wat 75, talabijin mai wat 50 da cajin wayoyi, jimillarsu kusan wat 270 ne. Da wannan lambar a hannu, ba mai sayar muku da abin da ya gaza bukatarku ko ya fi ta.

4. Ku rage kashi ɗaya bisa biyar daga lambar kVA.
Inbata mai 1kVA galibi wat 800 take ɗauka, mai 2.5kVA kuma wat 2,000. Ko a nan ma ku bar mata sarari, domin wadda ke aiki a ƙurewar ƙarfinta kullum cikin zafi take.

5. Ku yi wa batir lissafin gaskiya.
Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda a takarda, amma rabi kawai ya kamata ku taɓa, inbata kuma tana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari wajen juyawa. Abin da ya rage muku kusan wat 1,000 ne na awa guda, wato kayan nan na wat 270 ba za su cika awa huɗu ba. Duk wanda ya ce muku batir ɗaya zai kwana da fanka biyu da talabijin har asuba, yana nufin za a tatse shi ƙurmus kowane dare, kuma haka ake kashe batir cikin 'yan watanni.

6. Ku sayi mitar gwaji, ku koyi lambobi uku.
Ƙaramar mita ba ta kai kuɗin buhun siminti ba, kuma ita ce za ta riƙa gaya muku gaskiyar da fitilun gaban inbata ke ɓoyewa. Ku cire kaya da caji, ku bar batir ya huta awa biyu ko uku, sannan ku auna: 12.6 zuwa 12.7 cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa an zarce iyaka. Yawancin inbatoci ba sa kashe kansu sai batir ya faɗi zuwa wajen 10.5, don haka kada ku jira ƙararta. In taku tana ba da damar saitawa, ku ɗaga wurin yankewar zuwa 11.5 ko sama, lokacin da kaya ke kai.

7. Ku tabbata cajarku mai mataki uku ce.
Cajin batir kamar cika tulu ne a famfo: da farko a saki ruwa sosai, in ya kusa wuya a rage, in ya cika a bar ɗigo kawai. Caja mai kyau tana fara zuba duk amfiyar da take da ita har batir ya kai kashi 80 cikin ɗari, sai ta tsaya a bolt 14.4 zuwa 14.8 na wasu awanni amfiya na raguwa da kanta, daga nan ta sauko 13.5 zuwa 13.8 ta riƙe shi a cike. Matakin tsakiyar nan shi ne mai muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa, saboda fitilar gaba takan nuna an cika tun bai ƙare ba. Na ga gidaje da dama da ke kashe janareta a daidai wannan lokaci, suna ganin sun yi tattalin mai. Ku ɗora mita a kan batir yana caji: in lamba ta haura 15 ta ƙi saukowa, ko ta kasa wuce 13 bayan awanni, ku kira mai gyara.

8. Ku bar cajar kanikawa a gareji.
Babbar cajar nan mai nauyi ta masu cajin batirin mota ba ta san batir ya cika ba, zuba wuta kawai take yi har sai an cire ta. In aka manta ta dare ɗaya, ruwan batir zai tafasa, farantan ciki su zaizaye, rufaffen batir kuma ya kumbura.

9. Ku daidaita ƙarfin caji da awannin wutar unguwarku.
Ƙa'idar batirin dalma ita ce caji da kusan kashi ɗaya bisa goma na Ah ɗinsa, wato amfiya 20 ga mai 200Ah. Wanda aka sha rabinsa yana bukatar awa biyar ya maido abin da ya fita, da ƙarin biyu ko uku ya kammala, jimilla awa bakwai zuwa takwas. Hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A mai awa 20 zuwa E mai awa 4 a rana. In kuna rukunin ƙasa, wutar NEPA kaɗai ba za ta taɓa cika batirinku ba, ƙara batir na biyu kuwa ƙara yunwa ne, sola ko janareta za ku nema su cike giɓin.

10. Ku cika shi taf aƙalla sau ɗaya a mako.
Batirin dalma da asid tsohuwar fasaha ce, tun 1859 da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro ta, kuma halinta bai canza ba: duk lokacin da aka sha wuta, wani farin gishiri yana taruwa a kan farantan, caji ne ke narkar da shi. In aka bar batir a sauke kwana da kwanaki, gishirin ya daskare ya ƙi narkewa, wurin da ya rufe kuma ya tafi ke nan. In za ku yi doguwar tafiya, ku cika shi, ku kashe inbata, ku cire waya ɗaya daga kansa, domin inbata tana tsotsar wuta ko ba kaya.

11. Ku gaya wa inbata irin batirin da kuka saka.
A bayanta ko cikin saitinta akwai zaɓi: mai ruwa, rufaffe, ko litiyam, kowanne da bolt ɗin da yake so. Wasu cajojin kan ɗaga bolt sama da 15 lokaci lokaci don daidaita ɗakunan batir mai ruwa, abin da ke yi masa amfani amma yake busar da rufaffe. Ranar da kuka canza batir, ku tsaya a kan mai haɗawa har ya nuna muku ya canza saitin.

12. Tataccen ruwa kawai, ba asid ba.
Ruwa ne ke fita daga batir lokacin caji, asid ɗin yana nan, don haka ƙara asid cin farantan yake yi. A shago ku faɗa ƙarara cewa tataccen ruwa kuke so wanda babu asid a ciki. Ruwan rijiya, na famfo da na leda duk suna da gishirin ƙasa da ke ɓata batir a hankali. Ku duba sau ɗaya a wata, da bazara duk mako biyu, ku ƙara bayan an gama caji zuwa alamar da ke jikin ma'aunin, kuma kada ku bari farantan su leƙo waje.

13. Ku nema masa wuri mafi sanyi a gidan.
An ƙera batir ne don zafin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwarsa biyu. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, inda Afrilu ke haura digiri 40, batirin da aka jefa a shagon kwano ko ɗakin janareta ya rasa rabin shekarunsa tun kafin a yi masa wani laifin. Ku zaɓi kusurwar da rana ba ta duka, ku ɗora shi kan katako ko ƙarfen ajiya, ku bar tazarar yatsu uku tsakanin batura. Ni a ganina wannan ce shawara mafi araha kuma mafi riba a duk jerin nan.

14. Iska ta riƙa ratsa ɗakin.
Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in caji ya yi nisa, ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Kada ku ajiye shi a ɗakin kwana ko cikin rufaffen kabad, kada a kusance shi da ashana, kyandir, sigari ko kaskon turaren wuta. In kun ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ko batir ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ku kashe caji nan take ku buɗe tagogi.

15. Ku wanke kan batir, ku ɗaure shi tamau.
Farin ko koren garin da ke taruwa a kai yana tare wuta, sako-sakon noti kuma yana zafi har ya narkar da dalma. Ku kashe komai, ku goge da tsohon burushin haƙori da ruwan bekin soda ko jiƙaƙƙiyar kanwa, ba tare da ya shiga ramukan batir ba, ku busar, ku ɗaure, ku shafa basilin. Ku cire zobe da agogo tukuna, ku naɗe hannun sifana da tef, domin ƙarfen da ya haɗa kawunan biyu yana yin ja wur cikin daƙiƙa. Asid kuwa in ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 sannan a tafi asibiti.

16. Kada ku haɗa sabo da tsoho.
Batura biyu masu bolt 12 in an jera su, kan wannan zuwa ƙafar wancan, suna ba da 24, huɗu kuma 48, kuma wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Mai rauni a cikinsu shi ke fara cika, shi ke fara ƙarewa, sai ya ja lafiyayyun ƙasa tare da shi. Ku saye su rana ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, kuma duk wata ku auna kowanne shi kaɗai. In bambanci ya wuce rabin bolt, a cire su a yi wa kowanne caji daban.

17. Waya mai kauri, gajeriya, da fiyus a kusa.
Wat 1,000 a bangon ɗaki amfiya huɗu ne da 'yan kai, amma a ɓangaren batir mai bolt 12 ya haura amfiya 90, shi ya sa siririyar waya ke ɗumi tana cinye wutarku. Ku nemi ta jan ƙarfe zalla mai lamba 25 ko 35, ku kankare bakinta ku gani ko farin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Sannan lallai a saka fiyus ko bireka na DC dab da kan batir, domin batir ba shi da makunni, in waya ta haɗe zai ci gaba da turo wuta har gobara ta tashi.

18. Batirin mota na mota ne.
Farantansa sirara ne, an yi su don su ba da wuta mai yawa na daƙiƙa uku a tayar da inji, ba don a tatse su awanni ba. Dogon batirin nan mai ruwa da ake kira tubula, ko rufaffe da aka yi don sola, su ne masu jure sauka da hawa.

19. Ku ɗaga batir kafin ku biya.
Dalma ce ke ajiye wuta, dalma kuma nauyi gare ta: mai 200Ah na gaske yana kai kilo 55 zuwa 65. In ya gaza kilo 50, an rage dalmar, ko an manna masa lambar da ba tasa ba. Ku duba ranar ƙira, ku auna da mitarku a gaban mai shago, ku ƙi wanda ya nuna ƙasa da 12.4, kuma ku karɓi takardar garanti mai hatimi.

20. Ku saurari fanka.
Inbata mai kyau tana fitar da wuta mai lanƙwasa sumul irin ta NEPA, mai araha kuwa a gutsure take fitar da ita. In fanka na gurnani duk lokacin da aka koma kan inbata, to irin ta biyun ce, kuma tana gasa duk wani abu mai mota a ciki. Fitilu da cajin waya ba su damu ba, amma kada ku ɗora mata firji.

21. Ku raba layi tun daga akwatin wuta.
Dutsen guga yana cin wat 1,000 ko fiye, butar lantarki da hita sun kusa 2,000, wato kowannensu yana iya shanye wutar daren gaba ɗaya cikin awa guda ko ƙasa. Gargaɗin baki ba ya hana yaro ko baƙo jonawa, don haka ku sa mai gyara ya ware wa inbata fitilu, fankoki da soket kaɗan, sauran su tsaya kan NEPA. Firji da injin jan ruwa suna fizgar ninki uku zuwa biyar na wutarsu lokacin tashi, sai inbata mai sarari.

22. Rage kaya ya fi ƙara batir araha.
Fankar DC mai wat 30 tana ba da iskar da ta wadatar, kuma in kun canza biyun nan na lissafinmu, kaya sun sauko zuwa wat 180, batir ɗaya ya haura awa biyar. Firiza kuwa ku kunna ta lokacin da akwai wuta ko rana, ku cika ta da robobin ruwa su daskare, da dare a bar ta a rufe.

23. Ku kula da ranar da aka kawo wuta mara ƙarfi.
Inbata tana ƙin karɓar wutar da ta faɗi ƙasa da iyakarta, sai ku ga unguwa da haske ku kuma kuna shan batir ba ku sani ba. Yawancinsu suna da maɓalli mai zaɓi biyu, UPS mai tsauri da ɗaya mai sassauci. In ba kwamfuta a kai, ku zaɓi mai sassaucin, ko ku saka sitabilaiza a gabanta. Ƙaramin janareta ma yakan sa ta yi ta karɓa tana saki, maganinsa a rage amfiyar caji a saiti ko a rage kayan da ke kansa.

24. In kun saka sola, ku riƙa wanke ta.
Farantan su fuskanci kudu da ɗan karkata, kamar digiri 12 a yankin Kano, kuma inuwar tankin ruwa ko reshe ɗaya tana rage wutar dukan jerin. Ƙurar hunturu tana cin wuta sosai, ku wanke da ruwa da laushin tsumma da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kwanturolar cajin sola mai MPPT ta fi mai PWM tsada amma ta fi tatso wuta, kuma wajen haɗawa batir ake fara jona mata, farantan su biyo baya.

25. Litiyam yana da kyau, in na gaske ne.
Wanda aka rubuta wa LiFePO4 kuna iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, ba ya bukatar ƙarin ruwa, yana cika da sauri, yana kuma jure caji sau dubbai, don haka ya dace da unguwar da wutarta ba ta daɗewa. Amma rayuwarsa tana hannun ɗan allon da ke cikinsa mai suna BMS, mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kuma tsohuwar inbata ba lallai ta iya cajinsa daidai ba. Ku guji haɗin da aka yi da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta a cikin akwati mara suna, wutarsu in ta kama tana da wuyar kashewa.

26. Kada wutarku ta koma kan layin titi.
Wayar da ake yi wa filogi biyu a cusa a soket tana tura wutar inbata ko janareta zuwa turken waje, inda ma'aikacin KEDCO ko Kaduna Electric ke aiki da yaƙinin layi a mace yake. Makunnin sauya layi na gaskiya shi ke raba su, kuma a binne sandar ƙarfe a haɗa wayar ƙasa saboda tsawar damina. Kada ku buɗe cikin inbata ko bayan an kashe ta, akwai sassan da ke riƙe wuta mai kisa na ɗan lokaci.

27. Tsohon batir kada a fasa shi a gida.
Mun ga abin da gubar dalma daga dutsen zinare ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, a wata unguwa ta gefen Dakar kuwa, Thiaroye, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sanadin dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a tsakar gidaje. Ku bar shi a tsaye da murafunsa, nesa da yara da dabbobi da rijiya, kada a zubar da ruwansa a kwata. Ku kai shi ɗungurungum wurin dillalin da za ku sayi sabo, yawancinsu suna karɓa su rage muku kuɗi gwargwadon nauyinsa.